Niccolò Machiavelli: Sakataren Gwamnatin da Kora ta Mayar Marubuci

An haifi Niccolò Machiavelli a birnin Florence na ƙasar Italiya ranar 3 ga Mayu, 1469. A yau da an ambaci sunansa sai a tuna da makircin siyasa, alhali shi ma'aikacin gwamnati ne da bai taɓa riƙe ragamar mulki ba.

A 1498, yana da shekara 29, aka naɗa shi sakatare a gwamnatin Jamhuriyar Florence. Shekara 14 ya yi yana rubuta wasiƙun hukuma, ana kuma aikensa jakadanci. Ya je fadar Sarki Louis na 12 na Faransa a 1500, ya zauna kusa da Cesare Borgia a 1502, inda ya ga yadda ake ƙwace ƙasa da takobi da yaudara. Shi ne ya dage sai da Florence ta kafa rundunar 'yan ƙasa maimakon dogaro da sojojin haya.

Kusancinsa da shugaban jamhuriyar, Piero Soderini, shi ya ɗaukaka shi, shi kuma ya kayar da shi. Da dangin Medici suka dawo mulki a 1512 da taimakon sojojin Sifaniya, aka sallame shi. A farkon 1513 aka kama shi bisa zargin haɗa baki, aka azabtar da shi, bai amsa laifi ba. Afuwar da aka yi bayan zaɓen Paparoma Leo na 10 ce ta fitar da shi.

A gonarsa da ke wajen birni ya rubuta Il Principe. Jigon littafin shi ne a dubi mulki yadda yake gudana, ba yadda ake fata ya kasance ba. A ganinsa, mai mulki kan tsinci kansa a halin da sai ya saɓa alkawari domin ƙasa ta tsira, amma ya kiyayi jawo ƙiyayyar talakawa. Abin da masu zaginsa kan manta shi ne, littafin kusan takardar neman aiki ce: ga Lorenzo de' Medici ya sadaukar da shi, muƙamin kuwa bai samu ba.

Daga baya gidan Medici suka ba shi aikin rubuta tarihin Florence a 1520. Wannan ɗan alheri ya zame masa ƙarfen ƙafa, domin da jamhuriya ta dawo a 1527, sababbin shugabanni suka ɗauke shi yaron Medici, suka hana shi tsohuwar kujerarsa. Ya rasu ranar 21 ga Yuni na shekarar. Sai a 1532 aka buga littafin, a 1559 kuma Cocin Katolika ta haramta karanta rubuce-rubucensa.