Rita Levi-Montalcini (1909–2012) da Sinadarin Haɓaka Jijiya

An haifi Rita Levi-Montalcini a Turin ta ƙasar Italiya ranar 22 ga Afrilu, 1909, a gidan Yahudawa. Da farko mahaifinta bai yarda 'ya mace ta yi ilimi mai zurfi ba, amma daga baya ya sakar mata mara, ta kammala karatun likita a Jami'ar Turin a 1936.

A 1938 gwamnatin Mussolini ta kafa dokokin wariya da suka haramta wa Yahudawa aikin jami'a. Sai ta mayar da ɗakin kwananta ɗakin bincike, tana fasa ƙwan kaji don nazarin yadda jijiyoyi ke tsirowa a jikin ɗan tsakon da ba a ƙyanƙyashe ba. Wannan aiki ne ya sa Viktor Hamburger ya gayyace ta Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, inda ta shafe kusan shekara 30.

A can ta lura cewa idan aka dasa tsokar sankarar ɓera a jikin ɗan tsako, jijiyoyi kan yi ta yaɗo fiye da kima. Ta yi hasashen cewa tsokar na fitar da wani sinadari mai haɓaka jijiya, kuma ta tabbatar da hakan a wata ziyarar bincike a Rio de Janeiro a 1952.

Abin da ya rage shi ne gano ko wane irin sinadari ne. Abokin aikinta Stanley Cohen ya zuba masa dafin maciji, domin dafin na ɗauke da enzayim, wato furotin mai saurin yanka wasu sinadarai. Nufinsa ya tace sinadarin, sai ga shi dafin ya fi tsokar ƙarfin haɓaka jijiya nesa ba kusa ba. Da yake dafi daga gurbin yawu yake fitowa, suka duba na ɓera, suka sami sinadarin jingim, suka kuma tabbatar furotin ne. Shi ake kira NGF, kuma su biyun suka karɓi lambar Nobel a 1986.

Daga baya masana suka gano cewa jiki yana fara ƙera NGF ne da tsawo, sai enzayim irin su furin da plasmin sun datse shi. Datsattsen yana rayar da ƙwayar jijiya, wanda ba a datse ba kuwa yana iya kashe ta. Shi ya sa a yau ake haɗa irin waɗannan enzayim na ɗan Adam a ɗakin bincike don nazarin datsewar. A 2017 Tarayyar Turai ta amince da maganin ɗigon ido da aka yi da NGF.

An naɗa ta sanata ta muddin rai a 2001, kuma gidauniyar da ta kafa da 'yar'uwarta Paola ta tallafa wa karatun matan Afirka. Ta rasu a birnin Rum ranar 30 ga Disamba, 2012, tana da shekara 103.