LIKITA MILA: BATUREN DA KANO TA SALLAMA, YA KOMA KOYAR DA YARA A ZARIYA

Duk wanda ya shiga mota a Gyaɗi-Gyaɗi ya miƙe titin Zariya, in hanya ta yi kyau, kafin awa biyu ya hango ganuwar Zazzau, gama tafiyar ba ta kai mil 100 ba. A shekarar 1900 kuwa, waɗansu Turawa biyar sun yi kwana da kwanaki tsakanin biranen nan biyu, zuwa da komowa, kuma komowar ba da son ransu suka yi ta ba. A cikinsu akwai wani saurayin likita ɗan shekara 28 mai suna Walter Miller, wanda Zagezagi suka riƙa kira Likita Mila. Ya zo ƙasar Hausa da niyyar yi wa sarakuna da malamai wa'azin addinin Kirista, amma abin da ya wanzu na aikinsa ya fito ne daga 'yan yaran da ya zaunar a gidansa yana koya musu karatu.

An haife shi a 1872 a wani ƙaramin gari da ake kira Honiton a ƙasar Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, watau C.M.S. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da aka tura shi Tarabulus ya koyi harshen, domin a zamanin nan akwai Hausawa da yawa a can, fatake da alhazai da bayin da aka 'yanta. A can ya gamu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, wanda ke kan hanyar Makka. Yaron nan ya taimake shi ƙwarai wajen gyara Hausarsa, daga baya kuma ya zama kamar ɗa a gare shi. Za a iya cewa tun daga Tarabulus yanayin aikinsa ya bayyana: abokin zamansa na farko cikin Hausawa yaro ne, ba babba ba.

Shugaban tafiyar ta 1900 shi ne Bishop Tugwell, sauran kuwa su ne Richardson da Dudley Ryder da Burgin. Sun iso Kano cikin watan Afrilu, zamanin Sarki Alu Babba, wata uku da 'yan kwanaki bayan Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. Sarki ya gana da su a fada, bai yarda da zamansu ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Ba abin mamaki ba ne. Baƙi ne da suka zo ba tare da an aiko da neman izini yadda aka saba ba, ga kuma labarin sojan Turawa yana ta matsowa daga kudu. Shi kansa Lugga bai ji daɗin tafiyar ba, don yana ganin za ta ɓata masa shiri. Suka juya, suka yada zango a Girku, kudu da Zariya. A nan Dudley Ryder ya rasu, ciwo ya kama sauran, gobara kuma ta cinye masaukinsu. Daga ƙarshe suka koma Loko a bakin Binuwai.

Likita Mila bai haƙura ba. A 1905 ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Wannan abu ne da ba a saba gani ba, gama bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga ya yi alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addinin mutane ba, kuma a bisa wannan alkawari ne Razdan-Razdan suka daɗe suna hana 'yan mishan shiga manyan biranen Musulmi. Mila ya buɗe ɗakin shan magani, mutane suka riƙa zuwa. Magani dai sun karɓa da godiya, wa'azi kuwa suka saurara cikin ladabi suka koma gidajensu da addininsu. Manyan da suka bi shi ba su taka kara sun karya ba.

Sai ya juya ga ilmi. A 1906 ya kai wa Lugga shawarar a buɗe makaranta iri biyu a ƙarƙashin mishan, ɗaya ta 'ya'yan sarakuna, ɗaya ta malamai, inda za a koyar da rubutun boko. Lugga ya bar ƙasar a shekarar nan, wanda ya gaje shi, Gwamna Girouard, bai yi na'am da a danƙa 'ya'yan sarakunan Musulmi a hannun mai wa'azi ba. Maimakon haka sai gwamnati ta ɗora aikin a kan Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda shi ma da can ɗan C.M.S. ne kafin ya shiga aikin mulki, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ba tare da darasin addinin Kirista ba. Gidansa yana nan har yau, ba nisa da Tarauni. Hanyoyin nan biyu, ta Ɗan Hausa da ta Mila, su ne tushen ilmin zamani a ƙasar Hausa, kuma ba shakka tsoron ta biyun yana cikin abin da ya sa iyaye da dama suka daɗe suna ɗari-ɗari da ta farkon.

Abin da ya rage wa Mila shi ne yaran gidansa. Waɗansu marayu ne, waɗansu yara ne da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi aka ba shi riƙo, waɗansu kuma iyayensu ne suka kawo su da kansu. A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi yadda ya tsara koyarwarsa, gama ta bambanta da abin da ya baro a gida.

A Ingila, tun daga 1780 da wani mai buga jarida, Robert Raikes, ya fara tara yaran talakawa ran Lahadi a garin Gloucester, al'adar makarantar Lahadi ta kafu: yaro ya zo coci sau ɗaya a mako, a karanta masa labari daga Littafi Mai Tsarki, ya haddace aya, ya koma gida wurin iyayen da suke bin addinin nan. A Zariya babu irin waɗannan gidaje. Awa guda a mako ba za ta yi kome ba. Saboda haka makarantar Mila ta zama ta kwana, yara suna ci suna sha suna barci a gidan malaminsu, ana addu'a safe da yamma, karatun addini kuma ya cuɗe da sauran darussa. In an lura, wannan ya fi kama da zaman almajiri a gaban malaminsa bisa ga makarantar Lahadi ta Turai, watakila kuma shi ya sa abin bai zama baƙo ƙwarai ga yaran ba.

Abu na biyu shi ne harshe. Da Hausa yake fara koya wa yaro karatu, cikin baƙaƙen boko, sai ya ƙware sa'an nan a shiga Turanci. To, amma me yaron zai karanta? Akwai fassarar Sabon Alkawari da wani Bajamushe, Schön, ya yi aka buga a 1880, sai dai shi Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, yawancin Hausarsa a bakin wani yaro, Dorugu, ya ɗauke ta a Ingila. Dole Mila ya zauna ya riƙa fassara da kansa, sura bayan sura, tare da malaman Zazzau da manyan ɗalibansa. Ajin yaran shi ne ma'auninsa, gama jimlar da ta gagari yaro ɗan shekara goma ba ta fassaru ba ke nan. Ya kuma sami sauƙi ta wani gefe: kalmomi irin su Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba da addu'a duk suna cikin bakin mutane, haka nan sunayen Ibrahim da Yusufu da Musa da Dauda yaro ya sha jin su tun yana goye. Wahalar tana wurin da addinan biyu suka rabu, inda kalma ɗaya take ɗauke da ma'ana biyu, kuma a nan ne mai koyarwa yake bukatar haƙuri da gaskiya.

A 1913 aka yi wani abu da ya sake fasalin makarantar. Waɗansu samari suka zo wurinsa daga cikin jama'ar da ake kira Isawa. Asalinsu almajiran wani malami ne na Kano, Malam Ibrahim, wanda ya ba Annabi Isa wani matsayi na musamman a karatunsa, aka kashe shi a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watse zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau. Da yawa daga zuriyarsu suka karɓi addinin Kirista, aka kafa musu ƙauye a Gimi, inda wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya, W. A. Thompson, ya zauna da su yana koyarwa. Murnar ba ta daɗe ba. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen, cikin 'yan shekaru ya kashe mutane da yawa, har aka tashi daga wurin. Yaran da suka tsira aka kwashe su zuwa Zariya. Su ne suka cika ajin Likita Mila.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba, wannan kam abokansa ma sun shaida. Yana da kaifin harshe, ba ya ganin abin da ya ɗauka zalunci ne ya yi shiru. Ya sha kai ƙarar hakimai da ma'aikatan En'e wurin Razdan, kuma masana tarihi da dama suna ganin rahotanninsa suna cikin abin da ya jawo aka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi a 1920 aka kai shi Lakwaja. Mai wa'azin da ya sa hannu a tuɓe sarki, sarkin ma malami kuma mawaƙi, da wuya fada ta sake sakin jiki da shi. Matsin lamba ya yi ta ƙaruwa daga fada da kuma Turawan mulki, har a 1929, zamanin Sarki Ibrahim, mishan ta fita daga birni ta koma Wusasa. A can aka gina coci da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, aka sa masa suna St Bartholomew, aka kafa makaranta da asibiti.

Mila bai so wannan ƙaura ba, yana ganin ja da baya ce. Sai ya bar wa waɗansu aikin, ya tafi Kano, garin da aka sallame shi shekara 29 da suka wuce, ya duƙufa kan ƙarasa fassara. Tare da taimakon 'yan sauran ƙungiyoyin mishan, cikinsu har da Likita Stirrett na S.I.M., aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. An yi kusan shekara 50 ana amfani da fassarar kafin a fito da sabuwa.

A nan akwai abin lura. Littafin da ya yi domin Hausawan birni, waɗansu ne suka fi cin moriyarsa. A Filato da kudancin Zariya da Adamawa da kudancin Bauchi, inda harsuna suka yi yawa har ba a iya fassara wa kowa da nasa ba a lokacin, Hausa ta zama harshen coci, malaman makarantar Lahadi suka riƙa shirya darasinsu daga fassarar 1932, yara suna haddace ayoyi da Hausa tun kafin su shiga firamare. Haka aka yi a ƙasar Maraɗi da Damagaram a Nijar. Ta wannan hanya Hausa ta shiga ƙauyukan da fatake ma ba su cika zuwa ba, kuma zuriyar waɗancan yara suna cikin masu cika majami'un Hausa na Sabon Gari a Kano.

Yaran Zariya da Wusasa kuwa, ko da yake ba su da yawa, sun yi fice fiye da ƙidayarsu. Henry Miller, ɗaya daga cikin yaran da aka ƙwato, ya zama limamin coci, shi ne mahaifin makaɗin nan Bala Miller. Malam John Tafida shi ne ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Dokta R. A. B. Dikko, wanda aka haifa a 1912, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda mahaifinsa daga Isawa ya fito, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi ya yi karatun farko, sai dai a lokacin Mila ya riga ya bar wurin.

A 1935 ya ajiye aikin C.M.S. Ya koma Ingila, ya rubuta littafin Reflections of a Pioneer a 1936, amma zaman can bai karɓe shi ba, ya komo Nijeriya ya zauna a Filato yana koyarwa da rubuce-rubuce. A 1947 ya fitar da Have We Failed in Nigeria?, inda ya soki yadda Turawa suka jingina mulkinsu a kan sarakuna suka bar talaka da ilminsa a baya. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa, Kamfanin Gaskiya na Zariya ne ya buga shi. Bai taɓa aure ba. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952, yana da shekara 80.