Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781-1837)

Duk wanda ya zauna ajin tarihi da mu ya san Bello da yaƙi, musamman mu 'yan ƙasar Gobir, tunda rundunarsa ce ta ci Alƙalawa a 1808. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne wahalar da ya sha wajen ɗinke ƙasa bayan ƙura ta lafa.

Ɗan Shehu Usmanu ne, ya kafa Sakkwato a 1809, ya gaji mahaifinsa a 1817. Tun Shehu na raye yake musayar wasiƙu da Shehu Laminu na Barno kan halaccin jihadin, ya kuma adana wasunsu cikin littafinsa Infaƙul Maisuri.

A 1824 ya karɓi Bature Clapperton, ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, yana neman a turo jakada da likita, a buɗe ciniki. Ko mu ma'aikatan gwamnati mun san irin wannan takarda: ba jakada, ba likita. Da Clapperton ya dawo a 1826 ana rikici da Barno, sai Bello ya hana shi wucewa da saƙon Shehu Laminu. A Sakkwato Baturen ya mutu, 1827.

Sulhunsa da Gobirawa bai ɗore ba. Sarkin Gobir Ali ya warware amana, aka gwabza a Gawakuke a 1836, Ali ya faɗi, sauran suka kafa Tsibiri. Bello ya rasu a Wurno shekara guda bayan haka. Allah Ya jiƙansa.