Fannie Farmer, Macen da Ta Koya wa Amurka Awon Abinci

An haifi Fannie Farmer a birnin Boston na ƙasar Amurka ran 23 ga Maris, 1857. Ubanta ma'aikacin ɗab'i ne, ita ce kuwa babba cikin 'ya'yansa mata huɗu. Iyayenta sun yi niyya ta yi karatu mai zurfi, amma tana da shekara 16 sai ciwo ya shanye mata ƙafa. Ta bar makaranta, ta daɗe a kwance. Ko da ta tashi, da ɗingishi take tafiya har iyakar ranta.

Zaman gidan nan bai tafi a banza ba, gama a ɗakin dahuwar uwarta ta koyi girki. Sa'ad da ta haura shekara 30 ta shiga Makarantar Dahuwa ta Boston. Ta gama a 1889, aka riƙe ta malama, daga baya ta zama shugabar makarantar.

A zamanin nan littattafan girki da yawa ba su da tabbataccen awo. Sai a rubuta a ɗebi gari cikin hannu, a sa man shanu kamar girman ƙwai. To, hannun wace? Ƙwan wace kaza? Tsohuwar da ta saba takan gane, amma amarya sai ta ɓata gari da mai, ranta kuma ya ɓaci. Akwai kofi da cokula na awo tun kafin Fannie, sai dai wata takan tula, wata takan rage, kamar masu awo da mudu a kasuwa. Ita ce ta dage a cika, sa'an nan a shafe bisan da wuƙa. Ƙaramin cokali 3 shi ne babban cokali 1, babban cokali 16 kuwa kofi 1. Da haka kowace mace da ta iya karatu za ta dafa abin da ba ta taɓa gani ba, ya fito daidai.

A 1896 ta kai littafinta wurin kamfanin Little, Brown. Masu kamfanin ba su zaci zai sami kasuwa ba, saboda haka ita ta biya kuɗin buga 3,000 na fari, hakkin littafin ya zauna a hannunta. Kafin ta rasu an sayar da wajen 360,000. Ban da girke-girke, littafin ya bayyana aikin da kowane irin abinci yake yi a jiki, da amfanin tsabta.

A 1902 ta buɗe makarantarta, inda ta koyar da matan aure da masu jiyya. Ba ta manta da kwanakin ciwonta ba. A 1904 ta fitar da littafin abincin marasa lafiya, ta nuna cewa kada a kai wa majinyaci abinci a hargitse: a zuba kaɗan a kwano mai tsabta, a gyara shi ya ja ido, domin wanda bakinsa ba daɗi ya yi marmarin ci. Har Makarantar Likitoci ta Harvard ta gayyace ta ta yi wa ɗalibai jawabi a kan wannan, abin da ba safai ake yi wa mace ba a lokacin.

Cikin shekarunta na ƙarshe ciwo ya sake kayar da ita, amma ta dinga koyarwa daga bisa keken guragu har kwana 10 kafin mutuwarta. Ta rasu ran 15 ga Janairu, 1915, tana da shekara 57. An yi ta gyara littafinta ana sake bugawa shekaru da yawa a bayanta, da sunanta a kai.

Ku masu karatu, in akwai yarinya a gidanku wadda ciwo ya tsare, kada ku ce tata ta ƙare. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.