Mari Kuri, matar da ta gano radiyom

An haifi Mari Kuri a birnin Warso na ƙasar Polan a shekarar 1867. Ubanta malamin makaranta ne. Uwarta ta rasu tana da shekara 10. A lokacin nan ba a karɓar mata a jami'ar ƙasarsu. Sai ta shiga aikin koyar da ƴaƴan masu kuɗi, tana aika wa yayarta abin da ta samu don ta yi karatun likita a Paris. A 1891 ita ma ta tafi can. Ta zauna a ƙaramin ɗaki, ga sanyi ga yunwa, amma ta zo ta ɗaya a jarrabawa. A 1895 ta auri wani masani, Piyer Kuri.

Akwai wani baƙin dutse da ake samun uraniyom a cikinsa, wato ƙarfen da aka fara haƙowa a Arlit a 1971. Mari ta auna, ta ga hasken ɓoye da dutsen ke fitarwa ya fi na uraniyom ƙarfi. Ta gane akwai wani abu a ciki da ba a sani ba. A 1898 ita da mijinta suka sa masa suna radiyom. Saura su fitar da shi a gani.

Suka samu tarin dutsen daga ƙasar Bohemiya. A wata tsohuwar rumfa mai yoyo Mari take dafa kilo 20 a tashi ɗaya, tana motsawa da sandar ƙarfe. Radiyom yana haɗe da wani abu mai kama da shi, sunansa bariyom. Raba su ke da wuya.

Ga dabararta. Masu gishiri na Bilma sun san in ruwa ya ƙafe, gishiri yakan fito ƙwaya-ƙwaya. Ita ma takan narkar da garin a ruwan zafi, ta bar shi ya huce. Gishirin radiyom bai kai na bariyom saurin narkewa ba, don haka ya fi yawa a ƙwayoyin da suka fara fitowa. Sai ta kwashe su, ta sake narkarwa, ta sake jira. Ta yi haka sau dubbai. A 1902 ta samu kashi ɗaya cikin goma na giram.

Ba su nemi kuɗi a kan dabarar ba, suka bar wa kowa. Likitoci suka yi amfani da radiyom wajen maganin ciwon daji. Mari ta samu kyautar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911. Piyer ya rasu a 1906, keken doki ya take shi, ita ce ta gaje shi a jami'ar Sorbon.

Da farko ba a san haɗarin wannan haske ba. A hankali ya lalata mata jini, ta rasu a 1934. Har yau littattafan aikinta suna cikin akwatunan dalma, domin hasken bai bar su ba.