Joseph Duveen: Ɗan mai sayar da tangaran da ya zama sarkin dillalan kayan tarihi

A watan Janairun 1922, mutane kusan 90,000 ne suka yi layi a babban gidan adana zane-zane na birnin Landan domin yin bankwana da hoto guda ɗaya. Hoton wani yaro ne sanye da shuɗin kaya, wanda Thomas Gainsborough ya zana wajen shekarar 1770, ana kiransa The Blue Boy. An riga an sayar da shi ga wani attajirin Amurka mai harkar jiragen ƙasa, Henry Huntington, a kan kuɗi dala 728,000.

Mutumin da ya ƙulla wannan ciniki shi ne Joseph Duveen. A zamaninsa babu dillalin tsofaffin kaya da zane-zane da ya kama ƙafarsa. Sai dai kasuwancin da ya kai shi nan ya faro ne daga tsofaffin farantai da tulunan tangaran da aka riƙa saye da arha a gidajen mutane.

Yadda mahaifinsa ya fara

An haifi mahaifinsa, Joseph Joel Duveen, a 1843 a garin Meppel na ƙasar Holan, cikin dangin Yahudawa. Yana matashi ya tsallaka zuwa Hull, wani gari mai tashar jiragen ruwa a gabashin Ingila, a tsakiyar shekarun 1860, domin neman na kansa.

Ba shi da wani babban jari, amma yana da ido. Ɗaruruwan shekaru kafin nan, fataken Holan sun yi ta jigilar tangaran mai launin fari da shuɗi daga ƙasar Sin. Kayan sun cika gidaje har aka daina ganin darajarsu. A daidai wannan lokaci kuma masu kuɗi a Landan suka fara rububin irin wannan tangaran domin ƙawata falo.

Sai ya riƙa komawa ƙasarsa yana bin gari-gari yana saye, ya loda a jirgin ruwa zuwa Hull, daga nan ya kai wa masu saye a Landan. Ya san kayan, ya san inda suke da araha, ya kuma san inda ake neman su ido rufe.

Da harka ta buɗe, ya jawo ƙanensa Henry, wanda ya tafi Amurka ya kafa reshe a New York a ƙarshen shekarun 1870. A 1879 shi kuma ya buɗe babban shago a titin Oxford da ke Landan. Suka faɗaɗa zuwa tsofaffin kujeru, kayan azurfa da saƙaƙƙun labulen bango. Kamfanin ya shahara da sunan Duveen Brothers.

Ɗan da ya zarce uba

An haifi Joseph a Hull ranar 14 ga Oktoban 1869, shi ne ɗan fari a gidan da ya tara 'ya'ya sama da goma. Bai yi nisa a boko ba. Tun yana ɗan shekara goma sha wani abu ya shiga shagon mahaifinsa, inda ya koyi riƙe kaya a hannu ya gane shekarunsa, da yadda ake karantar fuskar mai saye. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shi ne ya matsa wa dattawan gidan cewa babbar riba tana cikin zane-zanen tsofaffin gwanayen Turai. Lissafinsa ya dace da zamani. Manyan gidajen sarauta na Ingila sun shiga matsi: hatsi mai araha daga Amurka ya karya kuɗin da suke samu daga gonaki, sannan a 1894 gwamnati ta ƙaƙaba sabon haraji kan dukiyar gado. Dole ta sa suka fara sayar da abin da kakanninsu suka rataye a bango. A ɗaya gefen teku kuwa, ƙarfe da banki da jirgin ƙasa sun samar da sababbin attajirai masu kuɗi jibge, waɗanda ke neman abin da zai ba su martaba.

Duveen ya tsaya a tsakanin ɓangarorin biyu. Maimakon saye ɗaya-ɗaya, sai ya riƙa kwashe tarin kayan mutum gaba ɗaya. A 1906 ya saye tarin Oscar Hainauer a Berlin. A 1907 ya saye na Rodolphe Kann a Paris a kan kusan fam miliyan ɗaya, akasari da bashi. Cikin kayan akwai ayyukan Rembrandt da Vermeer. Da cinikin ya faɗi, da kamfanin ya durƙushe. Amma kafin a jima manyan masu saye a Amurka suka rarrabe kayan a tsakaninsu.

Sa'a ta ƙara zuwa a 1909, lokacin da Amurka ta cire harajin shigo da tsofaffin zane-zane da kayan tarihi.

Dabarun cinikinsa

Abokan cinikinsa su ne manyan masu kuɗin duniya na lokacin: J.P. Morgan, Henry Clay Frick, Benjamin Altman, Samuel Kress da Andrew Mellon.

Marubuta tarihinsa sun nuna cewa yakan saya da tsada da gangan, domin farashi mai nauyi shi ke sa attajiri ya ji cewa abin ya kai. Yakan ja wa mai saye rai, ya nuna masa kaya ya ce an riga an yi wa wani alkawari. Yakan ba da bashi na dogon lokaci, ya kuma buga littattafai masu kyau na bayanin tarin kayan abokan cinikinsa. An kuma ruwaito cewa yakan yi wa barorin gidajen attajirai ihsani, su kuma su sanar da shi halin da maigida ke ciki da abin da yake sha'awa.

Babban cinikinsa ya zo a 1936. Ya kama hayar gida a benen da Mellon ke zaune a Washington, a hawan da ke ƙasa da nasa. Ya cika ɗakunan da zane-zane da sassaƙe-sassaƙe, ya miƙa masa makulli domin ya riƙa saukowa yana kallo a duk lokacin da ya ga dama. A ƙarshe Mellon ya saye kayan a kan miliyoyin daloli. Suna cikin abin da aka buɗe babban gidan zane-zane na ƙasar Amurka da shi a 1941.

Inda amana ta yi rauni

Tsohon kaya ba shi da farashin kanti. Darajarsa tana rataye ne a kan amsar tambaya ɗaya: wa ya yi shi, kuma yaushe? Mai saye bai iya tantancewa da kansa, sai ya dogara da maganar dillali da ta masana. A nan ne tarihin Duveen ya samu tabo.

A 1910 jami'an kwastam na Amurka suka kai samame shagonsu na New York, suka kama kawunsa Henry bisa zargin rage ƙimar kayan da suke shigowa da su domin kauce wa haraji. Sai da kamfanin ya biya sama da dala miliyan ɗaya kafin maganar ta mutu.

A 1912 kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar sirri da Bernard Berenson, masanin da aka fi yarda da shi kan zane-zanen Italiya. Berenson zai tabbatar da wanda ya zana hoto, shi kuma ya karɓi kashi ɗaya cikin huɗu na ribar. Masu saye ba su san cewa mai ba su shaida yana da rabo a cinikin ba. Daga baya masana sun sake duba wasu hotunan, suka mayar da su ga almajiran gwanayen da aka jingina wa. Mutanen biyu sun raba gari a 1937 kan wani hoto da Duveen ya dage cewa na Giorgione ne, Berenson kuma ya ce na Titian ne.

Bakinsa ma ya jawo masa. A 1920 wata mata mai suna Andrée Hahn ta nemi sayar da wani hoto da ta ce Leonardo da Vinci ne ya zana. Duveen ya shaida wa ɗan jarida cewa kwafi ne, alhali bai taɓa ganin hoton da idonsa ba. Cinikin ya watse, matar ta maka shi a kotu. An yi shari'ar a 1929 ba tare da an cimma matsaya ba, daga bisani ya biya ta dala 60,000 aka sasanta.

Kyauta da ɓarna

Ya yi wa gidajen tarihin Birtaniya hidima mai yawa. Ya gina ɗakuna a gidan zane-zane na Tate, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1919, sannan ya zama Lord Duveen a 1933.

Ya kuma ɗauki nauyin gina zauren da za a ajiye sassaƙaƙƙun duwatsun Parthenon, waɗanda aka kwaso daga Girka, a gidan tarihi na British Museum. Yana son su yi fari tas. Tsakanin 1937 da 1938 ma'aikata suka kankare wasu daga cikinsu da kayan aiki na tagulla da dutsen wasa wuƙa, suka cire fatar saman da ta shafe sama da shekara 2,000. Ba a iya mayar da abin da aka goge. Har yau Girka na kafa hujja da wannan ɓarna a fafutukarta ta neman a dawo mata da kayanta.

Duveen ya rasu a Landan ranar 25 ga Mayun 1939 bayan fama da cutar daji, yana da shekara 69. Ya bar mata da 'ya ɗaya. Bama-baman yaƙin duniya na biyu sun lalata zauren da ya gina, ba a jera duwatsun a ciki ba sai 1962.

Kamfanin bai sake komawa yadda yake ba. A 1964 wani attajirin Kalifoniya, Norton Simon, ya saye ragowar kayansa. Hoton yaro mai shuɗin kaya kuwa yana nan a gidan Huntington da ke kusa da Los Angeles. A 2022, shekara 100 cif bayan tafiyarsa, aka kai shi Landan aro na 'yan watanni, sannan aka mayar da shi.