WALIYYIYA JOSEFIN BAKHITA: BAIWAR DA TA YAFE WA IYAYENGIJINTA

Kowace shekara ranar 8 ga Fabrairu Ikkilisiya tana tunawa da wata 'yar Afirka wadda aka saya aka sayar kamar dabba, amma ta ƙare kwanakinta ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Ita ce Waliyyiya Josefin Bakhita.

An haife ta wajen shekarar 1869 a ƙauyen Olgossa, cikin yankin Darfur na ƙasar Sudan, a ƙabilar Daju. Tana ƙaramar yarinya, ba ta kai shekara goma ba, ɓarayin mutane suka kama ta, kamar yadda aka riga aka sace yayarta. Tsananin firgita ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka sace ta su ne suka sa mata Bakhita, wato mai sa'a da harshen Larabci. Suka kora ta a ƙasa, ba takalmi, har birnin Al-Ubayyid, ta yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu.

Mafi ɗacin wahalarta ta same ta ne a gidan wani janar na sojan Turkiyya. Ban da bulala ta kullum, uwargidan ta sa aka yi mata tsaga da aska har 114 a ƙirji da ciki da hannu, ana cusa gishiri a cikin raunukan domin tabon ya tashi. Da waɗannan tabbai ta zauna har mutuwarta.

A shekarar 1883 wani jami'in jakadancin Italiya a Hartum, Callisto Legnani, ya saye ta. A gidansa ne ta fara kwana ba duka. Da yaƙin Mahadi ya matso, ya tashi zai koma gida, ita da kanta ta roƙe shi ya tafi da ita. Suka isa Italiya a 1885, ya ba da ita ga iyalin abokinsa Augusto Michieli, ta zama mai renon 'yarsu. Wakilin da ke kula da dukiyar gidan, Illuminato Checchini, ya ba ta ɗan ƙaramin gicciye, ya bayyana mata cewa wannan da ke rataye a kai ya mutu ne saboda ita ma. Wadda ta san zafin bulala a jikinta ba ta sha wuyar gane Yesu da aka yi wa bulala ba.

A 1888 uwargidan za ta yi tafiya zuwa Suwakin, a bakin Bahar Maliya, sai ta ajiye Bakhita da yarinyar a wurin Sistocin Kanosa a birnin Benis. A can aka koya mata katikisma. Tun tana ƙarama takan dubi rana da wata da taurari, ta yi marmarin sanin mai su. Yanzu ta san shi, ta kuma riƙa kiransa da kalmar da mutanen Benis ke kiran maigida, domin ta sami Ubangiji wanda ba ya wulakanta bawansa.

Da uwargidan ta dawo za ta tafi da ita Sudan, Bakhita ta ƙi. Aka yi kwana uku ana lallashi ana matsa mata, ba ta canza ba. Magana ta kai gaban hukuma, ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka ita 'ya ce. Ranar 9 ga Janairu 1890 ta karɓi baftisma da suna Josefin. Ta shiga koyon zaman Sistoci a 1893, ta ɗauki wa'adinta ranar 8 ga Disamba 1896 a Berona.

A 1902 aka aike ta garin Sikiyo, inda ta yi yawancin sauran rayuwarta. Ba ta riƙe wani babban muƙami ba. Ta yi girki, ta yi ɗinki, ta shirya kayan Misa, ta yi tsaron ƙofa. A bakin ƙofar nan ne mutanen gari suka san ta: takan ɗora hannu a kan yaran makaranta ta sa musu albarka, ta saurari matalauta da masu baƙin ciki. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka mai da wani sashe na gidan asibitin soja, ta taimaka wajen jinyar masu rauni. Bayan an buga tarihinta a 1931, shugabanninta suka sa ta zagaya Italiya tana ba da labarinta, ta yi biyayya ko da yake tone tsohon miki ba shi da daɗi.

Sau da yawa aka tambaye ta abin da za ta yi in ta gamu da waɗanda suka sace ta. Amsarta ita ce za ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, gama ta wannan hanya mai ƙaya ce ta kai ga sanin Kiristi. Takan yi musu addu'a, tana cewa ba su san muguntar abin da suke yi ba.

A nan ya kamata mu lura da kyau. Macen da ta yafe ita ce kuma ta tsaya gaban hukuma ta ƙi komawa bauta. Gafararta ba ta mai da zalunci ya zama daidai ba, ba ta kuma hana ta neman hakkinta ba. Abin da ta ƙi shi ne ta bar ƙiyayya ta zama sabon ubangidanta. Wanda aka cuta a gida, ko a kasuwa, ko a lokacin rikici, yana da ikon ya nemi adalci, amma in ya ajiye ramuwa a ransa, har yanzu sarƙar mai cutarsa tana wuyansa.

Da tsufa ya zo ciwo ya ɗaure ta a keken guragu, duk da haka ba a ji ta tana gunaguni ba. A magagin ajali kwanakin bauta suka dawo mata, har ta roƙi mai jinyarta ta sassauta mata sarƙoƙin. Da ta farfaɗo, sunan Uwarmu Maryamu ne ƙarshen abin da ya fito daga bakinta. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947.

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga ta zuwa matsayin Mai Albarka ranar 17 ga Mayu 1992, ya kuma sanya ta cikin waliyyai ranar 1 ga Oktoba 2000. A 2015, zamanin Paparoma Faransis, aka fara kiyaye ranar idinta a matsayin ranar addu'a domin waɗanda ake fataucinsu.

Kullum a cikin Addu'ar Ubangiji muna roƙon gafara gwargwadon yadda muke gafarta wa wasu. Kafin mu matso bagade ranar Lahadi, kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya daina gaisarwa, ya ambaci sunansa a gaban Allah, ya kuma nemi hanyar sulhu. Sa'an nan ya riƙe aikin da ke hannunsa da aminci, ko shara ce, ko girki, ko jinyar tsoho.

Waliyyiya Josefin Bakhita, ki yi mana addu'a. Amin.